Dodon koɗin tekun da ke rayuwa da hasken rana: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban sakandare a nan Gombe sun sha tsare ni da tambayoyi a ajin ilimin halittu kan wata 'yar koriyar halitta da suke gani a bidiyon waya, wadda ake cewa rabinta dabba rabinta tsiro. Masana na kiranta Elysia chlorotica.

Malam, dabba ce ko ganye?

Dabba ce sak. Danginsu ɗaya da dodon koɗin da kuke gani a bakin madatsar Dadin Kowa, sai dai ita tana yar da ƙoƙon bayanta tun tana ƙarama, kuma ruwan gishiri kaɗai take zama. Mazauninta fadamun gaɓar tekun Atlantika ne a gabashin Amurka da Kanada. Tsawonta santimita 2 zuwa 3, ƙalilan ke kai 6. In ta baje gefunan jikinta biyu za ka rantse ganye ne, har da jijiyoyinsa.

To daga ina ta samo koren?

Ba da shi aka ƙyanƙyashe ta ba. Ƙaramarta launin ƙasa-ƙasa gare ta da ɗigo-ɗigon ja. Abincinta wata gansakuka ce siririya mai suna Vaucheria litorea. Takan huda ta da haƙorinta, ta tsotse abin da ke ciki, ta narkar da shi, amma ban da kuloroflas, wato ƙananan korayen ƙwayoyin da tsiro ke haɗa abinci da su daga hasken rana da ruwa da iska. Waɗannan sai ta adana su da ransu a bangon hanjinta, hanjin kuwa ya yi rassa ya bazu ko'ina a jikinta. Kamar dai a ciro farantin sola daga wani rufi a ɗora a wani, ya ci gaba da ba da wuta.

Ke nan ta daina cin abinci?

A ɗakin gwaji an ga ta yi wata 9 zuwa 10 ba abinci sai haske, alhali duk rayuwarta ba ta cika wuce shekara ba.

Nan ne abin ya fi ɗaure wa masana kai, ni ma nan ya fi jan hankalina. Kuloroflas na lalacewa da aiki, kuma yawancin kayan gyaransa daga ƙwayoyin gadon tsiron suke fitowa, tsiron kuwa an riga an cinye shi. A 2008 wasu masu bincike suka ce dabbar ta kwashi wani ɓangare na gadon gansakukar ta haɗa da nata. A 2013 aka binciki ƙwayayenta, ba a sami wannan gado ba. An kuma ga wasu 'yan uwanta sun jure yunwa ko a cikin duhu, abin da ya sa wasu ke ganin rumbun ajiya ne kuloroflas ɗin, ana cinsa a hankali. Don haka nake hana ɗalibaina rubuta "rabi tsiro" a jarrabawa.

Akwai mace da namiji?

Kowace ɗaya tana da gaɓoɓin duka biyun, amma galibi sai biyu sun haɗu, sannan su saki ƙwai a jere cikin dogon zare mai yauƙi.

Ita ce wadda ake cewa tana yanke kanta daga jikinta, ta sake yin sabon jiki?

A'a, 'yar uwarta ce, Elysia marginata. A 2021 Sayaka Mitoh da Yoichi Yusa na Jami'ar Mata ta Nara a Japan suka ba da rahoton cewa kan yakan rabu da gangar jiki, ya bar zuciya da komai a baya. Cikin 'yan sa'o'i kan ƙanana yakan fara kiwo, raunin ya rufe a kwana guda, zuciya ta fara tohowa cikin mako guda, a mako uku jiki ya cika. Kawunan tsofaffin ba su ci abinci ba, suka mutu, gangar jikin da aka yar kuma ba ta taɓa fitar da sabon kai ba. Masu binciken na zaton dabara ce ta rabuwa da ƙwarin da ke zama a cikin jiki suna hana haihuwa.