Karatun gaba da digiri na farko da tsuke bakin aljihun jami'o'i

Karatun gaba da digiri na farko shi ne duk matakin ilimin jami'a da ɗalibi ke shiga bayan ya kammala digirinsa na farko. Ya ƙunshi babbar difloma, da digiri na biyu wanda ake kira masta, da digiri na uku da aka fi sani da digirin digirgir. A digiri na farko ana shayar da ɗalibi ilimin da magabata suka tara. A digirgir kuwa ana jiran shi ma ya kawo wani abu da ba a sani ba kafin zuwansa. Daga nan matsayinsa ya zama mai wuyar fayyacewa: a takarda ɗalibi ne, amma a aikace yana koyar da 'yan aji ɗaya, yana duba takardun jarrabawa, yana kwana a ɗakin gwaje-gwaje, yana rubuta maƙalolin da ke ɗaga sunan jami'a. Duk lokacin da aka zabtare kuɗin jami'o'i, yana cikin waɗanda abin ke fara shafa, kuma ba kasafai ake jin kukansa ba.

Asalin tsarin

Digirin digirgir da ake bayarwa saboda bincike ya samo asali ne daga Jamus. Jami'ar Berlin da aka buɗe a 1810 bisa ra'ayin Wilhelm von Humboldt ta haɗa koyarwa da bincike wuri guda, ta yadda malami da ɗalibi za su zama abokan neman sani. Amurka ta ɗauki wannan salo: Jami'ar Yale ta ba da digirgir na farko a ƙasar a 1861, sannan aka kafa Jami'ar Johns Hopkins a 1876 da nufin bincike tun daga tushe. Ingila ta makara, domin sai a 1917 Oxford ta shigo da irin wannan digiri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatoci suka fara zuba kuɗi sosai a binciken jami'o'i. Amurka ta kafa gidauniyar kimiyya ta ƙasa a 1950, kuma da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957 sai aka ƙara yawan tallafin karatu. A 1999 ƙasashen Turai 29 suka sa hannu a yarjejeniyar Bologna, wadda daga bisani ta daidaita karatun jami'a zuwa matakai uku.

Yadda rayuwar take

A Birtaniya masta kan ɗauki shekara ɗaya, digirgir kuma shekara uku zuwa huɗu. A Amurka digirgir kan kai shekara biyar zuwa bakwai, domin ana fara shi da darussan aji da babbar jarrabawa kafin a bar ɗalibi ya shiga bincikensa. Kusan ko'ina dai ƙarshen tafiyar ɗaya ne: kundin bincike da ɗalibi zai rubuta, ya kuma kare shi a gaban masana, galibi har da wani daga wata jami'ar.

Babu abin da ya kai dangantaka da malami mai duba aiki tasiri a wannan rayuwa. Shi ke amincewa da batun bincike, shi ke karanta babi bayan babi, shi ke cewa aiki ya nuna ko da saura, shi ke rubuta takardar shaida idan an zo neman aiki. A fannonin kimiyya sau da yawa daga kuɗin bincikensa ake biyan ɗalibin. Idan aka dace da malami mai lokaci da adalci, ɗalibi kan ƙaru da abin da babu littafin da zai koya masa. Idan ba a dace ba, babi ɗaya na iya yin watanni a kan tebur ba a buɗe shi ba, ɗalibin kuma ba ya iya ɗaga murya saboda makomarsa na hannun mutumin. Jami'o'i da dama sun koma naɗa masu duba aiki biyu ko kwamiti don rage wannan haɗari, kuma gyara ne mai kyau, sai dai yana buƙatar isassun malamai, abin da ƙarancin kuɗi ke fara cinyewa.

Aikin kansa ya bambanta daga fanni zuwa fanni. Ɗalibin ilimin sinadarai ko halittu yana cikin tawaga, yana da lokacin shiga da na fita, gwajinsa na iya lalacewa ya sake daga farko. Ɗalibin tarihi ko falsafa kan yi shekaru shi kaɗai tsakanin ɗakin karatu da ma'ajiyar tsofaffin takardu. Dukansu ana matsa musu su wallafa maƙala a mujallun ilimi tun kafin su gama. Maƙala kan yi watanni a hannun masu tantancewa, a dawo da ita a ce a gyara, ko a ƙi ta baki ɗaya. Marubucin ba a biyansa, mai tantancewar ma galibi ba a biyansa, amma ɗakin karatun jami'a na biyan kuɗi masu yawa kafin a karanta mujallar.

Wannan matsi yana da illa da aka auna. Wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan ɗaliban digirgir 3,659 a yankin Flanders na Beljiyam ya gano kusan ɗaya cikin uku na fuskantar haɗarin kamuwa da larurar ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa. Daga cikin abubuwan da binciken ya danganta da hakan akwai nauyin aiki, da salon shugabancin mai duba aiki, da karon da ake samu tsakanin aiki da iyali.

Wa ke ɗaukar ɗawainiya

Hanyoyin samun kuɗi uku ne a taƙaice: tallafin karatu daga gwamnati ko wata gidauniya, aikin koyarwa ko na bincike da jami'a ke biya, da kuma aljihun ɗalibi ko bashi. A Holan, Suwidin, Norwe da Denmak, yawancin masu digirgir ma'aikata ne, suna da albashi da hutu da fansho. A Birtaniya alawus ake ba su wanda ba a cire masa haraji, amma doka ba ta ɗauke su ma'aikata a kan binciken da suke yi ba. A Amurka ana yafe wa da yawa kuɗin makaranta a kuma ba su alawus, su kuma su koyar ko su yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje. A 2017 majalisar wakilan ƙasar ta amince da wani ƙudurin haraji da zai ɗauki kuɗin makarantar da aka yafe a matsayin kuɗin shiga, wato ɗalibi ya biya haraji a kan kuɗin da bai taɓa riƙewa ba. Bayan zanga-zangar ɗalibai an cire wannan sashe kafin ƙudurin ya zama doka.

Siffofin rage kuɗi

Wani lokaci a fili ake yankewa. A Brazil a 2019 gwamnati ta riƙe kashi 30 cikin 100 na kuɗin gudanarwar jami'o'in tarayya, abin da ya fito da ɗalibai da malamai kan tituna a watan Mayu. A Ajantina an yi gagarumin tattaki a Afrilun 2024 saboda kasafin jami'o'in gwamnati da hauhawar farashi ta cinye. A Amurka jihohi da yawa sun rage abin da suke ba jami'o'insu bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, kuɗin makaranta kuma ya tashi. A Fabrairun 2025 hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ta sanar da cewa kuɗin da take ƙara wa jami'o'i na gine-gine da wuta da gudanarwa ba zai wuce kashi 15 cikin 100 na kuɗin binciken ba, alhali wasu manyan jami'o'i na karɓar sama da 50. Kotu ta dakatar da matakin, amma tun kafin a san inda shari'ar za ta tsaya wasu jami'o'i suka rage yawan ɗaliban digirgir da za su ɗauka a shekarar.

Nau'in da ya fi yawa, kuma ya fi wuyar ganewa, shi ne a bar adadin kuɗin yadda yake shekara da shekaru. Babu ministan da ya sanar da ragi, amma kuɗin haya da na abinci sun wuce alawus. A Kanada tallafin tarayya na masta ya tsaya a dalar Kanada 17,500 a shekara tun 2003, sai a kasafin 2024 aka ɗaga shi zuwa 27,000, na digirgir kuma zuwa 40,000. A Brazil alawus ɗin wata na masta ya tsaya a real (kuɗin ƙasar) 1,500, na digirgir a 2,200, daga 2013 har zuwa 2023 da aka ƙara kashi 40 cikin 100. Duk wanda ya yi karatu a tsakanin waɗannan shekaru ya yi shi ne hannu baka hannu ƙwarya.

Ingila ta bi wata hanyar dabam. A 2010 majalisa ta amince a ɗaga kuɗin digiri na farko zuwa fam 9,000 daga 2012, gwamnati kuma ta janye mafi yawan tallafin koyarwa da take bayarwa kai tsaye. A 2017 aka kai fam 9,250, aka bar shi haka har 2025 da ya koma 9,535. Da darajar wannan kuɗi ta zube, jami'o'i suka jingina da ɗalibai 'yan ƙasashen waje, musamman masu masta na shekara ɗaya, waɗanda ke biyan kuɗi mai tsoka. Daga Janairun 2024 aka hana masu mastan da ake yi ta darussan aji zuwa da iyalansu, yawan masu nema ya ragu, jami'o'i da dama suka shiga sallamar ma'aikata da rufe kwasa-kwasai. Ostareliya ma ta ɗanɗana irin wannan a 2020 lokacin da annobar korona ta rufe iyakoki.

A Afirka raunin ya fi daɗewa. A shekarun 1980, lokacin shirye-shiryen tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya, ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne kuɗin da aka sa a firamare ya fi riba a kan na jami'a. Ɗakunan karatu suka daina sayen mujallu, kayan gwaje-gwaje suka tsufa, ƙwararrun malamai suka yi ƙaura. A 2000 wani rahoto da Bankin Duniya da UNESCO suka ɗauki nauyi ya nuna cewa an raina amfanin ilimi mai zurfi, amma a lokacin an riga an rasa tsara guda ta masu iya duba aikin digirgir. A Najeriya asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu su ƙaro karatu, sai dai yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, kamar na wata takwas a 2022, kan tsayar da binciken ɗalibai cak.

Dalilin da ya sa abin ke sauka a kansu

Jami'ar da kuɗinta ya ragu ba ta iya taɓa albashin malaman dindindin cikin sauƙi, ba ta iya daina biyan wuta da bashin gini. Abin da ke hannunta shi ne guraben tallafi na baɗi, da kwantiragin wucin gadi, da kuɗin zuwa taron ilimi, da kuɗin fita aikin fili, da rajistar mujallu. Kusan duk waɗannan na ɗaliban bincike ne. Idan farfesa ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, ɗalibansa sai a raba wa waɗanda suka rage, darussansa kuma a ɗora wa masu digirgir da ake biya da awa, sau da yawa ba tare da lissafa lokacin shirya darasi da duba takardu ba. Ƙananan sassa irin na harsuna, tarihi da falsafa su ake fara haɗewa ko rufewa, kuma ɗalibin da ke tsakiyar kundinsa na iya wayar gari ba shi da mai duba aiki a fanninsa.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga kowane lissafi: mutanen da ba su nema ba tun farko. Idan alawus bai isa rayuwa ba, mai iyaye masu hali zai iya jurewa, amma mai 'ya'ya, ko mai ciyar da iyayensa, ko wanda ya fito da bashin digiri na farko, sai ya haƙura. Wannan babban rashi ne ga ilimi kansa, domin tambayoyin da ake bincike a kansu suna bin irin mutanen da suka samu shiga.

Bayan kammalawa

Samun digirgir ba ya kawo ƙarshen rashin tabbas. Yawan masu kammalawa ya zarce guraben malanta na dindindin nesa ba kusa ba, don haka da yawa kan yi shekaru suna tsalle daga kwantiragin shekara biyu zuwa wani, daga gari zuwa gari. A Amurka fiye da rabin masu koyarwa a manyan makarantu ba sa kan layin samun kujerar dindindin. A Jamus dokar 2007 ta ba da damar riƙe mai bincike a kwantiragin wucin gadi shekara shida kafin digirgir da shida bayansa, wanda bai samu gurbin dindindin ba kuma galibi sai ya bar jami'a. A 2021 dubban masu bincike suka yi ta bayyana halin da suke ciki a Twitter ƙarƙashin taken #IchBinHanna, wato "Ni ce Hanna", bayan wani bidiyon ma'aikatar ilimi da ya kare dokar ta hanyar misali da wata mai bincike mai suna Hanna.

Martani da muhawara

Ɗaliban da ke taimaka wa malamai a Jami'ar Wisconsin da ke Madison a Amurka sun ƙulla yarjejeniyar ƙwadago tun 1970. A jami'o'i masu zaman kansu na Amurka kuwa hukumar ƙwadago ta ƙasa ta yi ta sauya matsayi: a 2000 ta ce ɗaliban da ke koyarwa ma'aikata ne, a 2004 ta janye, a 2016 a shari'ar Jami'ar Columbia ta sake tabbatar musu da 'yancin kafa ƙungiya. A ƙarshen 2022 ma'aikatan ilimi kusan 48,000 na Jami'ar California suka yi yajin aiki na kusan mako shida, suka samu ƙarin albashi.

Masu goyon bayan ragi suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Baitulmali na da iyaka, asibitoci da makarantun firamare ma na jira, kuma akwai alamar tambaya a kan horar da masu digirgir fiye da guraben da ke akwai. Wasu masana ma na ganin gara a ɗauki kaɗan a biya su da kyau. Raunin hujjar shi ne lokaci. Daga shiga digiri na farko zuwa zama mai bincike mai cin gashin kansa ana ɗaukar fiye da shekara goma, kuma tawagar da ta watse ko bayanan da aka daina tattarawa ba sa dawowa don kawai kasafin wata shekara ya gyaru. A Birtaniya hukumar da ke raba kuɗin bincike ta ɗaga mafi ƙarancin alawus zuwa fam 20,780 a zangon 2025 zuwa 2026, yayin da ƙungiyar malaman jami'o'in ƙasar ke ci gaba da neman a ɗauki masu digirgir a matsayin ma'aikata.