Zanen Tafin Hannun Yara

Zanen tafin hannu wata sana'ar hannu ce mai sauƙi, inda ake shafa wa yaro fenti a tafi a ɗora hannun a kan takarda, yadi ko katako, ko kuma a danna hannun cikin abu mai laushi kamar yumɓu har siffarsa ta fito. An fi yin sa da jarirai da yaran da ba su kai shekara shida ba, a gida da makarantun renon yara, kuma galibi don a ba iyaye ko kakanni kyauta. Abin da ya bambanta shi da sauran zane-zanen yara shi ne ba ya buƙatar gwaninta daga yaron. Wanda bai iya riƙe fensir ba ma zai iya barin sawun hannunsa, kuma sawun nan ma'auni ne na girmansa a wannan ranar, wanda bayan 'yan watanni ba za a sake samun irinsa ba.

Asali

Barin hoton hannu a jikin abu na daga cikin zane mafi daɗewa da aka sani. A kogunan Maros da ke tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya, binciken da aka fitar a 2014 ya nuna cewa wani hoton hannu ya kai aƙalla shekara 39,900. Kogon Gargas a kudancin Faransa yana da hotunan hannu sama da 200, masu kimanin shekara 27,000, da yawansu yatsun ba su cika ba. Masana sun kasu kan ko yatsun sun guntule ne ko lanƙwasa su aka yi da gangan. A Ajantina akwai kogon Cueva de las Manos, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, kuma yawancin hannayen da ke ciki na hagu ne. Dalilin yana cikin yadda aka yi su: mutum ya ɗora hannu ɗaya a jikin dutse, ya riƙe bututun ƙashi da ɗayan, ya fesa jar ƙasa ko wani launi da baki. Hannun dama yana aiki, na hagu ne ya rage a bango.

Yara suna cikin wannan tarihi tun farko. Wani bincike na Jami'ar Cantabria da aka buga a 2022 ya auna hannayen da ke wasu kogunan Sifaniya, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara ne. Ƙaramin yaro ba zai iya fesa launi da ƙarfin da ake buƙata ba, don haka ana ganin wani babba ne ya riƙe hannun ya yi fesar, kusan yadda ake yi a yau. A Quesang da ke tsaunukan Tibet kuma an bayyana a 2021 sawun hannaye biyar da na ƙafa biyar da yara biyu suka bari a taɓon da ya daskare ya zama dutse, tsakanin shekara 169,000 zuwa 226,000 da suka wuce, ko da yake har yanzu ana muhawara kan shekarun da kuma ko da niyyar zane aka yi su.

Shigar zanen hannu aji kuwa na baya-bayan nan ne. Wata malama Ba'amurkiya, Ruth Faison Shaw, wadda ta koyar a birnin Rum, ita ta yaɗa zane da yatsu a matsayin hanyar koyar da yara, ta kuma yi rajistar fentin da ba ya cutarwa a 1931. Samuwar fenti mai wankuwa da ruwa ita ta sa abin ya zama ruwan dare a makarantun ƙananan yara.

Hanyoyin yi

Hanya mafi yawa ita ce ta fenti. Ana shafa shi da soso ko burushi mai laushi, shafi ɗaya marar kauri, tun daga tsintsiyar hannu har kan yatsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsoma hannun cikin fentin. Idan ya yi yawa yakan cike layukan tafi, sai a samu dunƙulen launi kawai, alhali layukan nan da zanen yatsu, waɗanda ke samuwa tun yaro yana ciki kuma ba sa canzawa, su ne suka sa hoton ya zama na wannan yaron shi kaɗai. Bayan shafawa, babba ya ɗora hannun a kan takarda mai kauri, ya danna bayan hannun da kowane yatsa a hankali, sannan ya ɗaga shi tsaye ba tare da ja ba. Yana da kyau a manne gefen takardar a kan tebur, a kuma ajiye tsumma mai laima kusa kafin a fara, domin hannun da ya tashi daga takarda fuska ko riga yake nufa.

Jariri sabuwar haihuwa yana da wahala. A watannin farko yakan dunƙule hannu da zarar an taɓa tafinsa, halittar jiki ce da ke gushewa wajen wata huɗu zuwa shida. Shi ya sa da yawa ke jira sai yana barci, su kai takardar ga hannun maimakon su kai hannun ga takarda, ko su haƙura su ɗauki sawun ƙafa, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu ita ce danna hannu cikin abu mai laushi. Ana amfani da yumɓun da ke bushewa a iska, ko kwaɓin gishiri: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri da kusan kofi 1 na ruwa. A murza shi ya yi kaurin yatsa, a danna hannun, a huda ƙaramin rami a sama idan za a rataye, sannan a busar da shi na sa'o'i a wuta marar ƙarfi ko na kwanaki a iska. Gishiri yana jan laima, saboda haka sai an shafe shi da banish, man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, idan ana so ya daɗe. Masu son siffar hannu cikakkiya suna amfani da aljinet, garin da ake samu daga ciyawar teku wanda likitocin haƙori ke ɗaukar siffar baki da shi. Yana daskarewa cikin 'yan mintuna ya zama kamar roba, a zare hannun, sannan a kwaɓa filasta, farin garin da ke daskarewa ya yi tauri, a zuba cikin ramin.

Akwai kuma zagaye hannu da fensir a yanke da almakashi, wanda ya dace da yaron da ba ya son jin danshin fenti a fatarsa. Irin wannan yaron ba a tilasta masa.

Kiyaye lafiya

Ba a sa hannun yaro, ko na babba, kai tsaye cikin filastar da ake ɗaurin karaya da ita. Tana fitar da zafi yayin daskarewa, idan tana da yawa zafin kan kai maki 60 a ma'aunin Selshiyos, kuma tana kama hannun ta hana shi fita. A 2007 wata ɗaliba 'yar shekara 16 a Ingila ta rasa yawancin yatsunta ta wannan hanya a ajin zane.

Fentin gini, na mota da na mai ba na fatar yaro ba ne. A Tarayyar Turai ƙa'idar EN 71-7 ce ke kula da fentin yatsu, kuma ta tanadi a sa masa sinadari mai ɗaci don kada yara su sha. A Amurka ana duba alamar ASTM D-4236, wadda ke nuna an bincika haɗarin kayan ga lafiya, da hatimin AP, wanda ke nuna ba su da guba, a jikin kwalba. Fentin akirilik, wanda ke zama kamar roba idan ya bushe, ya fi kama yadi da katako, amma yana saurin bushewa a fata, sai a wanke shi nan take. Kwaɓin gishiri yana da haɗari idan yaro ko kare ya ci, saboda yawan gishirin.

Matsayinsa na kyauta

An saba mayar da hoton hannun wani abu dabam: yatsu su zama reshen bishiya, fuka-fukin tsuntsu ko furanni, babban yatsa ya zama wuyan dabba. Ana yin sa a kan kati, jakar yadi, gaban riga, faranti ko kofin tangaran. Malaman renon yara da dama suna sukar wannan salo, suna cewa aikin babba ne aka ari hannun yaro, kuma yara ashirin a aji ɗaya kan koma gida da tsuntsu iri ɗaya. Sukar tana da gaskiya a cikinta. Inda ado ya yi yawa, hannun kan ɓace a ƙarƙashin idanu da ƙyalƙyali da babba ya liƙa, kuma wanda aka ba kyautar hannun yake son gani. Barin yaro ya zaɓi launi da inda zai ɗora tafinsa, ko da ya karkace ko yatsa ɗaya ya goge, yana maido masa da rabonsa a aikin.

Abin da aka fi mantawa shi ne rubuta suna, kwanan wata da shekarun yaron a baya, da fensir ko tawadar da ba ta koɗewa. A gidan da yara suke da yawa, bayan shekara goma babu mai iya tantance hannun wane ne. Wasu iyalai kan maimaita aikin duk shekara a kan takarda iri ɗaya, ko su jera hannun yaro cikin na uwa ko uba. Fentin yara mai wankuwa yana koɗewa a hasken rana, don haka wanda za a rataye a bango ana sa shi bayan gilashi nesa da taga, wanda za a adana kuma a shimfiɗe shi tsakanin takardu marasa asid a wuri busasshe.