Koya wa yara karanta ma'aunin zafi: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Daga shekara nawa za a fara?

Da zarar yaro ya iya ƙirga goma-goma da biyu-biyu har 50. Yawanci ɗan aji uku na firamare ya kai.

Wane ma'auni za a ba shi?

Na bango, mai jan ruwa a ciki. Jan ruwan sifirit ne da aka sa wa launi. Mai ruwan azurfa kuwa zaiba ce, guba ce, kada a miƙa wa yaro.

Makarantarmu ba ta da ko ɗaya, sai mu haƙura?

Haƙuri da me, Malam? Ka samu kwalin sabulu ka yanke tsawon kamu biyu. Ka ja layi a tsakiya, ka rubuta 0 a ƙasa, 50 a sama, kowane goma da dogon zane. Tsakanin goma da goma ka yi ƙananan zane huɗu, kowane tsallake ya zama digiri 2. Ka huda sama da ƙasa, ka ƙulla jan zare da farin zare, ka zura ka ɗaure ta baya. Ka ja jan ya tsaya a 34, yaro ya faɗa, sannan shi ya ja kai ka faɗa. Idan ka samu na gaske, a sa shi a ruwan randa minti uku, a rubuta, a mai da shi ruwan bokitin da ya sha rana. Nan yaro zai ga ruwan yana hawa da idonsa.

Me ya sa yarana kullum suke kuskure?

Saboda ba a nuna musu darajar ƙaramin zane ba. Wani ma'aunin zanensa digiri 1 ne, wani 2, na jiki kuwa 0.1. Kafin a karanta komai, a fara ƙirga zanen da ke tsakanin manyan lambobi biyu. Sai tsayuwa: ido ya yi daidai da kan ruwan, don mai leƙowa daga sama ko daga ƙasa lambarsa za ta goce. Kuma a hana su riƙe ƙullutun ƙasa, ɗumin yatsa yana ɗaga shi. A rataye shi a inuwa, nesa da kwanon rufi. Su riƙa rubutawa safe da azahar: da hunturu asuba a Kano takan sauka ƙasa da 15, a Afrilu kuma rana takan haura 40.

Ɗana ya auna zafin jikin wani yaro ya ce 98, yaron zai mutu ne?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Wani ma'aunin yana da tsarin lambobi biyu, F (Fahrenheit) da C (Celsius), gefen F ya karanta. 98.6 a F shi ne 37 a C. A koya masa gefen C kawai.

'Yata ta auna ƙanenta ta ce 37.6. Zazzaɓi ne?

Wannan ba a amsa shi da e ko a'a. Da farko, a ina aka auna? Hammata takan nuna ƙasa da zafin cikin jiki da kusan rabin digiri, shi ya sa a hammata 37.5 ma ana ɗaukarsa zazzaɓi, alhali 38 ake kallo a ma'aunin cikin jiki. To amma an auna daidai? Hammatar ta zama busasshiya, kan ma'aunin ya shige tsakiya yana taɓa fata, a danne hannun. Mai batir a jira ya yi ƙara. Na gilashi sai babba ya yarfa shi ya sauka ƙasa da 35, domin yana da matsattsen wuri da ke riƙe zaibar a sama, in ba a yarfa ba lambar jiya za a karanta. A bar shi kamar minti biyar. Sannan yaron daga ina yake? Wanda aka sauke daga goyo, ko ya dawo daga rana, ko aka lulluɓe da bargo, zafinsa na iya ɗan hawa. A rage masa kaya, a ba shi ruwa ko nono, bayan rabin awa babba ya sake aunawa. Idan ya sauka kuma yaro na ci yana wasa, mai yiwuwa ba komai, amma a sa ido. Idan yana nan ko ya ƙaru, a je ƙaramin asibiti a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina. A daina sayen magani a kemis da ka. Duk wannan lissafin bai shafi jaririn da bai kai wata uku ba, ko yaron da ke jijjiga, ko ya ƙi nono, ko yake amai da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Waɗannan asibiti ne nan take, ko ma'auni ya nuna 37. Yarinya ta karanta lamba, madalla, amma hukunci na manya ne.

Na zaiba ya fashe a ɗaki fa?

A fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga. Kada a share da tsintsiya, tana tarwatsa zaibar. Babba ya sa leda a hannu, ya tattara ƙwayoyin da kwali, ya zuba a kwalba ya rufe, ya kai wa ma'aikacin lafiya. Kada a zuba a wuta ko kusa da rijiya.

Taɓa goshi da hannu bai isa ba?

Bai isa ba. Hannu ba ya bambance 38 da 40.