Daga tuwo da miyar kuka zuwa amala: tambayoyi kan cin abinci a ƙananan gidajen abincin Katsina

Ƙanena ya dawo daga bautar ƙasa a Kudu duk ya zabge, wuya ya fito kamar mariƙin lema. Ba ciwo ya yi ba. Wata 12 ya kwashe a kan burodi, shayi da Indomie, wai shi ko kallon amala ba ya iyawa. Abin dariyar, amalar nan kullum ana tuƙa ta a garin nan, bai dai taɓa leƙawa ba. Daga hirar da muka yi da shi da abokansa a dakalin ƙofar gida na tsinto waɗannan tambayoyin.

Wane irin wuri ake nufi, masu gilashi da sanyin esi?

A'a. Waɗancan ba su da laifi, amma duk garin da ka je abincinsu ɗaya ne: soyayyiyar shinkafa, jalof, kaza, shawarma. Ina nufin wurin da mai shi ita ce mai tukunyar. Benci biyu, labule, butar wanke hannu, Hajiya ko Iya tana zaune gaban kuloli da mara a hannu. Ita ta je cefane da safe, ita ta san yawan daddawar da ta jefa, in miya ta yi tsami sunanta ne ya ɓaci. Shi ya sa hannun kowace daban.

A ina ake samunsu, tunda galibi ba su da allo?

Bi inda masu aiki suke. Kewayen Babbar Kasuwa, bakin tashoshin mota, wajen Ƙofar Ƙaura, gefen sakatariya, da hanyar Dutsin-Ma inda manyan makarantu suke. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1987 garin ya cika da ma'aikata, daga baya ɗalibai da 'yan bautar ƙasa suka ƙaru, kowa kuwa da irin tuwon garinsu yake zuwa. Da ɗan gari akan ci gari: tambayi direban tasha ko mai kurkura inda yake cin na rana. Ba za su kai ka wurin tsada ba, ba kuma za su kai ka wurin ɗumame ba. Ka je tsakanin ƙarfe 1 da 2, lokacin da aka sauke tukunya.

Tsabta fa? Kada garin neman daɗi a samo taifot.

Tambaya ce mai kyau, kuma ido ne ke amsa ta. Kafin ka zauna dubi ruwan wanke-wanke: in baho ɗaya ne da ya yi kauri tun safe, ka yi sallama ka wuce. Dubi ko kulolin a rufe suke, ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke tsoma cikin nama. Taifot da amai da gudawa ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, don haka abin da ke tururi ya fi aminci a kan wanda ya huce ƙuda na bi. Salak da zoɓon ƙulli su na fi tsoro a wurin da ban sani ba, ba tuwo ba. Wurin da layi yake kuwa abinci ba ya kwana.

In mai abincin ba Musulma ba ce, yaya batun nama?

Ka tambaya kai tsaye, ba rashin kunya ba ne. "Mama, naman nan daga ina?" Yawanci daga hannun mahautan garin nan suke saye. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ce a sa maka kifi.

To ta ina mutum zai fara, wanda bai san komai ba sai tuwo da shinkafa?

Nan ne mutane ke kuskure, su fara da abin da ya fi nisa da harshensu, su ji ba daɗi, su rantse ba su ƙarawa. Ka fara da maƙwabcin abin da ka sani, don yawancin abin da muke kira baƙon abinci tsofaffin kayan miyarmu ne da wani suna. Ewedun Yarbawa lalo ne, wanda wasu ke kira ayoyo. Iru da suke sawa daddawar kalwa ce, daga ɗorawar nan da muka sani, sai dai su sukan bar ta ƙwaya-ƙwaya. Gbegiri miyar wake ce. Onugbun Ibo shuwaka ce da aka wanke ta har ɗacin ya ragu. Amala kanta garin busasshiyar doya ce, bushewar ce ta ba ta duhun da ya tsorata ƙanena. Wanda ya tashi da miyar karkashi da busasshiyar kuɓewa, me zai ji tsoro a yauƙin ogbono?

Shawarata, kada ka sauya abu biyu rana ɗaya. Yau tuwon shinkafarka da miyar agushi. Wani mako sakwara da agushin. Sai ranar da ka ga hannunka ya saki sannan ka ce a zuba amala, malmala ɗaya tak, da ewedu da ɗan jan miya a kai.

Kuma kada a ɗauka baƙon abinci sai na Kudu. Akwai samarin da aka haifa a Ƙofar Soro da ba su taɓa cin alkubus ba, ba su san funkaso da miyar taushe ba, kwaɗon tafasa kuwa sai dai labari. Ni a wurina yaron da ya zauna ya cinye dambun zogale da man ƙuli ya fi mai shawarma buɗe baki.

In na ɗanɗana na ji ba daɗi fa?

Ba a yanke wa abinci hukunci a loma ɗaya. Masu nazarin cimar yara sun daɗe da lura cewa sai an maimaita ba yaro sabon abu sau da dama, wani lokaci har sau 10, kafin ya karɓa, babba ma haka harshensa yake. Wa ya so goro ranar farko? Ka kuma sauya hannu, wataƙila mai girkin ce ba ta iya ba. In yaji ne ya kama ka, ruwa ba ya kashe shi, nono ko madara ke yi.

Magidanci ya zauna a gidan tuwo, ba za a ce gida ba lafiya ba?

Za a ce, mutanenmu ne. Maganin abin ka sa a ƙunsa maka ka kai gida a ci tare. Sau da yawa uwargida na ɗanɗanawa za ta gano abin da aka sa, mako na zagayowa ka ga ta yi wanda ya fi shi. Mata da yawa ma yanzu daga cikin gida suke girkin sayarwa, a yi oda ta WhatsApp a aiko.

Wanda ke Daura fa, sai ya taho Katsina?

Kilomita wajen 80 don faranti ɗaya? Ina! Daura na da abin da ya fi kusa, wato Nijar. Ta Kongolam ake bi zuwa Damagaram, kuma kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi tana tara mutanen ɓangarorin biyu. A irin wannan taron ka nemi cukun Buzaye, busasshen nonon nan mai faɗi kamar takarda, ka haɗa shi da shayinsu mai kumfa a ɗan ƙaramin kofi. Zagayen farko da ɗaci yake zuwa, kada ka tashi, jira na biyu da na uku.

Ƙanen nawa dai ranar Asabar na ja shi wurin wata Iya a bayan tasha. Ya fara da tsinken loma yana ɓata fuska. Can na ji ya ce, "Yaya, ashe wannan ai lalo ne," ya miƙa faranti: "Iya, ƙaro rabin malmala."