Intel Atom Z500

Intel Atom Z500 jerin furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da aikin kwamfuta, masu ƙarancin cin wuta da kamfanin Intel na Amurka ya fitar a watan Afrilun 2008, domin ƙananan kwamfutocin hannu masu shiga intanet. A cikin kamfanin ana kiransa Silverthorne.

Tarihi

A 2006 Intel ya sayar wa kamfanin Marvell sashensa na XScale, mai ƙera furosesa da ke bin tsarin ARM, wanda aka fi amfani da shi a wayoyin salula, a kan dala miliyan 600. Ya riga ya ɗauri aniyar shigar da tsarinsa na x86, wanda manyan kwamfutoci ke amfani da shi, cikin na'urar da za a iya sakawa a aljihu. Injiniyoyinsa da ke Austin a jihar Texas ne suka zana furosesan tun daga tushe, ana jin sun soma aikin wajen 2004, suka raɗa wa tsarin nasa suna Bonnell, sunan wani tudu da ke birnin. Don rage shan batir sai suka koma wa dabarar Pentium na farko: yana aiwatar da umarni bi da bi yadda suka zo, biyu a lokaci guda, ba ya tsallake wani ya kama wani kamar manyan furosesan zamaninsa.

Ƙira

An ƙera shi da fasahar nanomita 45, da transisto miliyan 47 a kan fili da bai fi murabba'in milimita 25 ba. Cibiya ɗaya gare shi, kuma bit 32 kaɗai yake ɗauka. Ma'ajiyarsa ta kusa (cache) ta mataki na biyu kilobait 512 ce. Ƙaramin cikinsu, Z500, yana gudun megahaz 800 da ƙarfin wat 0.65, Z530 na gudun gigahaz 1.6 da wat 2, Z540 kuwa 1.86 da wat 2.4. Wasu daga ciki suna da Hyper-Threading, dabarar da ke sa cibiya ɗaya ta yi aiki kamar biyu. In ba aiki yake ba, yakan shiga barci mai zurfi da ake kira C6, inda ake yanke wa cibiyar wuta kusan gaba ɗaya.

Abokin aikinsa shi ne guntun Poulsbo, mai ɗauke da sashen hoto na GMA 500, wanda asalinsa ƙirar PowerVR ce ta wani kamfani daban. Masu amfani da Linux sun daɗe suna kuka da direbobinsa, wato manhajojin da ke sa shi aiki.

Amfani

An sa shi a ƙananan kwamfutoci irin su Sony Vaio P da Dell Mini 12 da Nokia Booklet 3G. Bai shiga wayoyin salula ba, inda ARM ya ci gaba da riƙe kasuwa.