Jijiyar saƙo: abin da likita ke nufi idan ya ce "jijiya ce ta taɓu"

Kalmar jijiya a bakin Bahaushe tana ɗauke da kaya uku. Wadda ake ɗaure damtse a nema domin ɗibar jini ko ƙarin ruwa, jijiya ce. Agarar da ke bayan dunduniya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, ita ma jijiya ce, kuma da sunan nan mahauci zai kira farin abin da ya ƙi taunuwa a cikin nama. Sai ta uku, wadda ba ta ɗaukar jini, ba ta kuma jan ƙashi, aikinta kai saƙo ne kawai. Ita likita ke nufi idan ya ce wa mai ciwon suga jijiyar ƙafarsa ta taɓu. Rashin bambance ta da sauran biyun ne ke sa mutum ya yi ta neman maganin wanke jini, ko ya kai ƙafa wurin mai ɗori, alhali ciwon ba a nan yake ba.

Cibiyar waɗannan jijiyoyi ita ce ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jiki ke amfani da ita. Laka kuwa farar igiya ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 45, tana kwance cikin ramin ƙashin baya. Jijiyoyi 12 ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, daga cikinsu akwai na gani, ji, sansana, ɗanɗano da motsin fuska. Daga laka kuma 31 ke fitowa ta dama, 31 ta hagu, su rarrabu har zuwa kan yatsu. Wasu na kai labari sama: zafi, sanyi, taɓawa. Wasu na sauko da umarni ga tsoka. Akwai kuma masu aiki ba tare da saninka ba, su ke daidaita bugun zuciya, zufa da motsin hanji.

In aka yanka jijiya ɗaya aka duba ta da madubin likita, za a ga ba zare ɗaya ba ce, dami ne na dubban zarurruka. Kowane zare wutsiya ce ta wata ƙwayar halitta da ake kira niyuron. A ƙwaƙwalwa kaɗai akwai irinta kusan biliyan 86. Tana da gangar jiki inda rayuwarta take, da gajerun rassa masu karɓar saƙo daga maƙwabta, da dogon zare guda ɗaya mai fitar da saƙo, shi ne akzon. Wani akzon bai kai milimita ba, wani kuma daga ƙugu yake tashi sai babban yatsan ƙafa, kusan mita guda, kuma duk abincinsa daga gangar nan da ke can sama ake turo masa. A riƙe wannan, domin shi ne sirrin ciwon ƙafar mai suga.

Saƙon da kansa lantarki ne, amma ba irin na waya ba. Idan niyuron na hutawa, ƙarfin lantarkin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kamar milibolt 70 (milibolt ɗan ƙaramin ma'aunin lantarki ne), saboda wani famfo a fatarta da ke fitar da ƙwayoyin sinadarin sodiyam uku yana shigo da na fotasiyam biyu ba dare ba rana. Da an taɓa ta sosai har tazarar ta ragu zuwa kamar 55, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, ya kwararo ciki, lissafin ya juye. Nan take ƙofofin fotasiyam su buɗe su mayar da abin yadda yake. Duk wannan cikin 'yan dubbai na daƙiƙa, kuma kowane wuri yana kunna na gaba da shi, kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa. Saƙo ba shi da babba da ƙarami, ko ya tashi ko bai tashi ba. Abin da ke bambanta cizon sauro da harbin kunama shi ne yawan saƙon da ke zuwa a jere da yawan zarurrukan da suka ɗauka. Allurar kashe zafi da likitan haƙori ke yi, ƙofofin sodiyam ɗin nan take toshewa, sai haƙori ya rasa hanyar kai ƙara.

Yawancin manyan zarurruka suna naɗe da wani farin kitse mai suna mayelin, gaɓa-gaɓa kamar rake, saƙo na tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa. Mai wannan riga yana iya gudun mita 120 a daƙiƙa, wanda ba shi da ita da ƙyar yake yin mita biyu. Shi ya sa in ka yi tuntuɓe kake fara jin wani kaifin zafi nan take, sannan bayan ɗan lokaci raɗaɗi mai nauyi ya biyo. Hanyoyi biyu ne, ɗaya ta riga ɗaya isa. Hannu kuwa in ya taɓa tukunya mai zafi, laka ce ke ba da umarnin janye shi tun labari bai kai ƙwaƙwalwa ba.

Niyuron ba ta manne da 'yar'uwarta. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, shi ya tsaya a kan haka, ya kuma samu kyautar Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi na Italiya, wanda shi a nasa ganin jijiyoyi raga ɗaya ce a haɗe. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai ɗan rata, sai saƙo ya zama sinadari ya tsallaka. Wanda ke tsallakawa daga jijiya zuwa tsoka sunansa asetilkolin, kuma da ya gama aiki dole a rushe shi nan da nan. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya abin da ke rushe shi yake kashewa. Sai saƙo ya ƙi yankewa: yawu ya yi ta dalala, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta yi ta rawa, huhu ya cika da majina, numfashi ya gagara. Wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa, asibiti za a ruga da shi, domin akwai allurar atirofin da ke tare wannan. Ɗura masa manja ko madara yana iya sa abin ya faɗa huhu.

Wurin da aka samu matsala shi ke nuna irin ciwon. Sukari in ya daɗe da yawa a jini yana lalata zarurruka da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su, kuma mafi tsawo su ke fara faɗuwa. Don haka daga yatsun ƙafa abin ke farawa, ƙafa biyu tare, da mindirya ko zafi kamar an zuba barkono, musamman da dare, sannan ji ya ɗauke. A nan haɗarin yake: ƙaya ta soki mutum bai sani ba, ta zama gyambo. Mai suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, kada ya yi yawo ba takalmi. Kuturta ma haka take, ƙwayar cutar tana shiga cikin ƙwayoyin da ke naɗa mayelin, ji ya mutu, ƙuna da rauni su yi ta cin yatsu. In an fara magani da wuri, ba a kaiwa ga dungu.

Shan inna kuwa akasin haka ne. Ƙwayar cutar na kashe niyuron masu ba tsoka umarni a cikin laka, sai ƙafa ta saki ta shanye, amma yaron na jin taɓawa sarai. Akwai kuma shanyewar da allura ke jawowa: jijiya mafi kauri a jiki ta bi ta cikin ɗuwawu ta sauka bayan cinya, shi ya sa ake raba ɗuwawu gida huɗu a yi allura a na sama ta waje, ƙananan yara kuma a yi musu a gefen cinya. Wanda bai san wannan ba yana iya barin yaro da jan ƙafa. Shanyewar ɓarin jiki kuwa a ƙwaƙwalwa take, ba a hannu ko ƙafa ba, kuma da yake hanyoyin sun gitta juna, raunin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa jikin dama yake kwantarwa.

Jijiyar hannu ko ƙafa in ta tsinke aka ɗinke ta, tana sake tsirowa kamar milimita ɗaya a rana, wato rauni a damtse zai ɗauki watanni kafin ji ya koma yatsu, kuma gashin ƙashi a wannan lokacin shi ke hana gaɓoɓi sandarewa. Laka ba ta da wannan tsiro sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka wanda ya yi hatsari yana kukan wuya ko baya, ba a ɗaga shi ta hannu da ƙafa, ba a zaunar da shi a kan babur. A tallafe kansa daidai da gangar jiki, mutum uku ko huɗu su mirgina shi a tare kan katako ko ƙyauren ƙofa, a haka za a kai shi asibiti.