Karatun harsuna daga Legas: ga amsoshin, a bar riƙe mini riga

Tun da aka ji na gama digiri na biyu, ba na fita daga masallaci a Agege bayan Magariba ba tare da wani yaro ya sha gabana ba. Fuskoki ne kawai ke canzawa, tambayoyin guda ne. To ga su nan.

Malam, in mutum ya karanta harshe, aikin me zai yi?

Koyarwa, fassara, tafinta, jarida, rediyo. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shirye-shirye, kuma ba aljanu ke aiki a can ba.

Ana yi a nan Legas?

Ana yi. Akwai Jami'ar Legas a Akoka, wadda aka kafa a 1962, akwai LASU, wato Jami'ar Jihar Legas, a Ojo, ta 1983. A Akoka ana koyar da ilimin harsuna, da Yarbanci, da Igbo, da Faransanci, da Rashanci, har da Sinanci. Kullum kana wuce Yaba a danfo, ba ka taɓa leƙawa ba?

Ba ni da kiredit a Turanci.

Koma ka sake WAEC ko NECO. Ko Hausar za ka karanta sai da shi.

An ce masu karanta Faransanci Faransa ake kai su.

Badagry ake kai su. Akwai Ƙauyen Faransanci a can tun 1991, inda ɗaliban jami'o'in ƙasar nan ke zuwa a shekara ta uku su jiƙu da harshen. Ba biza, ba jirgi. Ajiye akwatin.

Ina da digiri, ina da shago a Mile 12 da iyali. Ina son digiri na biyu a kan Hausa. In tafi Arewa ko in zauna?

Yawwa, wannan ita ce tambaya, kuma ba zan yi maka ƙaryar amsa ɗaya ba. In adabi kake so, wato waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ko rubutun Ajami, to malaman da littattafan suna Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Nan babu gardama. Sai dai ka lissafa abin da za ka bari. Shekarar farko ta zaman aji ce, kuma shagon da aka bar wa ƙani wata shida, kai ma ka san yadda ake iske shi. In kuma yajin aiki ya faɗo, shekara biyu ta zama uku.

Amma in abin da ke ranka shi ne yadda mutane ke magana, to kana zaune a kan abin da wasu ke biyan kuɗin jirgi su zo nema. Tsaya gindin motar tumatir da asuba ka saurari ɗan kamasho yana ciniki: ya fara da Hausa, ya karya da Yarbanci, ya rufe da Buroka, duk a numfashi ɗaya. Dubi yaran Idi-Araba da aka haifa a nan, wane harshe suke yi da uwa, wanne suke yi a filin ƙwallo? Bayarabe na cewa alubosa, kai kana cewa albasa, yana cewa alafia, kana cewa lafiya. Hausawa sun daɗe a garin nan. Tun a 1863 Glover, wani jami'in mulkin mallaka na Birtaniya, ya haɗa dakarunsa na Hausawa a Legas. Wannan duk aikin bincike ne, kuma ana iya yinsa a sashen ilimin harsuna ko na tarihi ba tare da ka rufe shago ba.

Sharaɗin fa shi ne mai duba aiki. Kafin ka sayi fom, je sashen da ƙafarka, ka nemi malamin da zai yarda ya duba aiki a kan Hausa, ka kai masa shafi biyu na abin da kake son yi. In ya yi murmushi ya ce "sai mun gani", kada ka ɗauka ya yarda. Wataƙila ka dace da wanda zai karɓa ko da ba ya jin Hausa, wataƙila a juya ka zuwa wani batun da ba naka ba. Ni dai da iyalina da shago, da na fara gwada nan tukuna. Amma wanda ke da ɗan'uwa amintacce a kasuwa da wurin kwana a Kano, ba zan hana shi tafiya ba.

TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, za ta biya mini kuɗin karatu?

Kai malami ne a jami'a, ko kwalejin ilimi, ko foliteknik ta gwamnati? A'a? To ba taka ba ce. Na gaji da wannan.

To tallafin karatu na ƙasar waje fa?

Akwai DAAD ta Jamus, akwai Commonwealth da Chevening na Birtaniya. Ita Chevening sai kana da shekara biyu ta aiki. Nema kyauta ne. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne, ko da a sahun gaba yake salla.

Wace takarda ce ta fi wahala?

Transkirif, wato takardar cikakken sakamakon darussanka na jami'a. Nawa wata bakwai ya yi a hanya daga tsohuwar makarantata, har sai da na hau mota na je na zauna a bakin ofishin kwana uku. Fara nemansa yau, tare da takardar bautar ƙasa, tun ba a fitar da fom ba.

Shekarata 41. Ban makara ba?

A ajinmu akwai wata Hajiya mai jikoki, kuma ta riga ni kare kundinta. Kwantar da hankalinka, Alhaji, ka je ka nemo transkirif.